Idan Aure Ya Mutu, Ina Makomar Yaro?

A ƙauyukanmu na Jigawa, da an ba mace takardarta sai hankali ya koma kan idda da kwashe kayan ɗaki. Ba a tuna yaro sai rigima ta yi zafi, a ji miji ya ce, "Ki ajiye mini ɗana." Mu da ke awon yara a asibitin karkara, mu muke ganin abin da ke biyo baya.

Yaron da aka yaye rana ɗaya aka miƙa wa kaka ko matar uba yakan ƙi abinci, ya rame, har awon damtsensa ya nuna ja, alamar tamowa mai tsanani. Tamowa kam muna da maganinta. Abin da ya fi damuna shi ne ciwon da sikeli ba ya nunawa. A shekaru 5 na farko ƙwaƙwalwa ta fi saurin ginuwa, kuma a nan ne yaro ke koyon yarda da mutane, daga wadda ke ɗaukarsa in ya yi kuka. In ta ɓace masa ba bayani, tsoro ne ke maye gurbinta. Wanda ya daina fitsarin kwance ya koma yi, mai surutu ya yi tsit, wani ya zama mafaɗaci. Sai a ce halin uwarsa ya ɗauko, a bi shi da bulala, alhali kewa ce ke cinsa.

Mai ɗan wayo kuma yakan zaci laifinsa ne ya kori uwarsa. Ga gorin agolanci a gidan mijin uwa, ga wariya a cikin 'yan uba. Mafi muni shi ne zagin uwa ko uba a kunnensa, domin jininsa ake zagi, kuma ya sani. Da haka wasu ke girma ba su ganin darajar kansu, ba su sakin jiki da kowa, har ranar da za su yi nasu auren.

Addini bai bar mu a duhu ba. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta yi maganar shayarwa shekara 2, ta kuma hana a cutar da uwa ko uba ta hanyar ɗansu. A mazhabar Malikiyya uwa ce ta fi cancanta da riƙo muddin ba ta yi wani aure ba, ci da sutura kuma suna wuyan uba.

Don Allah malam, ka bar mai shan nono a bayan uwarsa, ka riƙa aika ciyarwa. Ke ma baiwar Allah, kar ki hana shi gaida ubansa. Ku faɗa masa da bakinku cewa ba laifinsa ba ne, kuma kar a cire shi daga makaranta. In an kasa daidaitawa, ga liman, ga mai unguwa, ga Hisba. In kuma kun ga ya daina ci, ko wasa, ko barci, ku kawo mana shi asibiti da wuri.