Tausar Karnuka

Tausar karnuka hanya ce ta jinya da ake amfani da hannu wajen shafa tsokar kare, a matsa ta, a murza ta, domin rage ciwo, sassauta jiki da kwantar wa dabbar hankali. Likitocin dabbobi suna lissafa ta cikin aikin gashin ƙashi, wato taimako ce da ake haɗawa da magani da motsa jiki, ba ta maye gurbinsu.

Asali

An aro salon ne daga tausar mutane irin ta Turai, wadda ake danganta ta da Per Henrik Ling na ƙasar Suwidin (1776-1839), ko da yake likitan nan ɗan Holan, Johan Georg Mezger (1838-1909), shi ya tsara rabe-raben motsin hannun da ake koyarwa har yau. A ɓangaren dabbobi, masu dawakin sukuwa da masu karnukan tsere sun daɗe suna yin ta. A gasar Iditarod ta jihar Alaska a Amurka, wadda aka fara a 1973, karnuka na jan keken ƙanƙara tafiyar kusan kilomita 1,600, kuma idan aka yada zango masu su kan bi su ɗaya bayan ɗaya suna tausa musu kafaɗu da wuyan ƙafa.

Yadda take aiki a jiki

Sai an fahimci ƙirar kare kafin a gane amfanin tausa gare shi. Ƙafafun gaba ne ke ɗauke da kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa, kuma babu wani ƙashi mai ƙarfi da ya haɗa kafaɗarsa da ƙirji kamar na mutum. Tsoka ce ke riƙe da ita. Saboda haka idan tsohon kare ya kamu da amosanin gaɓɓai a kwatangwalo, abin da ya yawaita ga manyan karnuka irin su Labrador da karen makiyaya na Jamus, sai ya riƙa tura nauyinsa gaba don ya sauƙaƙa wa ƙafar baya. A hankali tsokar cinya ta zube saboda rashin aiki, ta wuya da kafaɗa da gadon baya kuwa ta ɗaure tamau. Ciwo ya zama biyu ke nan: na gaɓar da ta lalace, da na tsokar da ke ɗaukar mata kaya. Tausa ba ta mayar da guringuntsin da ya cinye, amma wannan ciwo na biyun tana iya rage shi, kuma sau da yawa shi ne ke sa kare ya yi ta nawa kafin ya miƙe daga kwance.

Matsa tsoka yana ƙara gudun jini a wurin. Haka kuma farin ruwan jiki da likitoci ke kira limf ba shi da zuciyar da ke harba shi, motsin tsoka ne ke tura shi. Shi ya sa karen da aka yi wa tiyata yake kwance ƙafarsa kan kumbura, kuma shafa mai sauƙi daga dagi zuwa sama, wajen zuciya, kan taimaka kumburin ya sace.

Akwai kuma natsuwa. Wani bincike da Odendaal da Meintjes suka buga a 2003 a Afirka ta Kudu ya nuna cewa idan mutum ya zauna yana shafa kare cikin lumana, sinadarin oksitosin, mai alaƙa da shaƙuwa da natsuwa, na ƙaruwa a jinin su biyun, hawan jini kuma ya sauka.

Wani amfanin da ba a cika ambata ba: hannun da ya saba da jikin kare shi ke fara jin ƙari, kaska da ta lafe cikin gashi, ko wurin da ya yi zafi, tun kafin ido ya gani.

Yadda ake yi

Ana farawa da doguwar shafa da tafin hannu, ana bin yadda gashi ya kwanta, har jiki ya ɗumama. Daga nan a kama tsoka mai kauri, kamar ta cinya ko bayan wuya, a ɗaga a murza a hankali kamar mai kwaɓa fulawa. Ba a danna ƙashin baya ko kan gaɓa. Kare da kansa yake nuna ko abin ya yi masa: idan ya saki jiki, ya lumshe ido, ya sauke ajiyar zuciya, to a ci gaba. Idan kuwa ya shiga lasar baki, yana hamma ba ta barci ba, ya kau da kai ko ya sandare, sai a ɗauke hannu. Wanda ya jira sai an yi masa gurnani ya makara.

Ƙarfin hujja

A nan masu tallar sana'ar kan wuce gona da iri. Wani nazari da mujallar Veterinary Record ta buga a 2021 kan karnuka fiye da 500 a Birtaniya ya ba da rahoton raguwar alamomin ciwo bayan tausa, sai dai ba a kwatanta su da wasu karnukan da ba a tausa ba. Maganar cewa tausa na "fitar da guba" daga jiki kuwa ba ta da madogara; aikin hanta da ƙoda ne wannan.

Inda ba a yin ta

Ba a tausa karen da ke zazzaɓi (zafin jikin lafiyayyen kare yana tsakanin digiri 38 da 39.2 a ma'aunin Salshiyas), ko mai karaya, buɗaɗɗen rauni, cutar fata, ko sabon targaɗe mai zafi. Ba a matsa ƙarin da likita bai duba ba. Man zafi na mutane, musamman mai ɗauke da ibuprofen ko diclofenac, haɗari ne, domin kare zai lashe shi, kuma yana iya ɓata masa ciki da ƙoda.

A Birtaniya, ƙarƙashin dokar likitocin dabbobi ta 1966 da ƙa'idar da ta biyo baya a 2015, mai tausa ba zai yi jinyar kare marar lafiya ba sai likitan dabbobi ya duba shi, ya gano cutar, ya ba da izini. A Amurka kowace jiha da nata tsarin.