Waiwaye: Yadda Najeriya Ta Samu Lokacin da Agogonta Ke Nunawa

Duk ɗalibin da ya zauna ajin labarin ƙasa a sakandare ya san lissafin nan: duniya tana juyawa digiri 360 a cikin sa'a 24, wato digiri 15 a kowace sa'a, ko minti 4 a kowane digiri. Wanda ke gabas yana gaba a lokaci, wanda ke yamma yana baya. Abin da ba a cika gaya wa ɗalibi ba shi ne, lissafin nan lokacin rana yake bayarwa, amma lokacin agogo yarjejeniya ce da hukumomi suka ƙulla, kuma tana da tarihinta.

Kafin ƙarni na 19, kowane gari da lokacinsa, domin tsakar rana ita ce sa'ar da rana ta tsaya a tsakiyar samaniya a wannan garin. A ƙasar Hausa ma haka aka saba, ana faɗin hantsi da walaha da azahar da la'asar, liman kuma yana duban inuwa ya san ko rana ta yi zawali. Jirgin ƙasa ne ya ɓata wannan tsari a Turai, saboda ba zai yiwu a tsara tashi da isowar jirage ba alhali agogon kowace tasha yana nuna nasa lokacin. Kamfanonin jiragen ƙasa na Ingila suka koma amfani da lokacin Girinic, unguwar da ke gefen Landan, tun daga shekarun 1840, doka ta tabbatar da shi a 1880, kamfanonin Amurka da Kanada kuma suka raba layukansu shiyya-shiyya, kowace shiyya da lokacinta, a ranar 18 ga Nuwamba, 1883.

A watan Oktoba na 1884 wakilan ƙasashe 25 suka hallara a birnin Washinton domin a tsayar da layi ɗaya wanda za a riƙa fara ƙirgen digiri daga gare shi. Ƙasashe 22 suka zaɓi layin da ya ratsa Girinic, saboda yawancin jiragen ruwan duniya sun riga sun dogara da taswirorin Ingila. Faransa ta ƙi jefa ƙuri'a, kuma ba ta daidaita agogonta da na Girinic ba sai 1911. Wannan layin ya ratsa Afirka ta Yamma, ya faɗa teku a garin Tema na ƙasar Gana.

A Najeriya sai da aka yi ta sauye-sauye. Legas tana wajen digiri 3 da rabi gabas da Girinic, don haka lokacinta na rana yana gaba da minti 13 da daƙiƙa 35. A 1905 Turawan mulkin mallaka suka ɗauki lokacin Girinic, a 1908 suka koma lokacin Legas. Layin dogo ya iso Kano a 1911, sannan aka haɗe Arewa da Kudu a ranar 1 ga Janairu, 1914, aka sa agogon ƙasar baki ɗaya ya wuce Girinic da minti 30. A ganina wannan shi ne zaɓin da ya fi dacewa da taswira, domin minti 30 daidai yake da digiri 7 da rabi, layin da ya bi ta tsakiyar ƙasar, kusa da inda Abuja da Kaduna suke. Bai daɗe ba. A ranar 1 ga Satumba, 1919 aka mayar da ratar sa'a guda cif, kuma a kan haka ake har yau, tare da Nijar da Kamaru da Chadi da Benin.

To, sa'a guda gaba da Girinic tana nufin layin digiri 15 gabas, wannan layin kuwa ko taɓa Najeriya bai yi ba, domin iyakar ƙasar ta gabas ba ta kai can ba. Birnin Njamena ne ke zaune kusan a kansa. Ke nan agogon mutumin Sakkwato da na Legas lokacin ranar babban birnin Chadi suke nunawa. Kano tana wajen digiri 8 da rabi, saboda haka idan agogo ya buga 12 na rana, da sauran kamar minti 26 a matsakaicin lissafi kafin zawali. A Sakkwato, wadda ke wajen digiri 5, saura kusan minti 40, a Maiduguri kuwa, wadda ke wajen digiri 13, bai kai minti 10 ba.

Mai azumi ya fi kowa sanin wannan, ko da bai taɓa buɗe taswira ba. Tsakanin Maiduguri da Sakkwato akwai kimanin digiri 8, shi ya sa mutanen Borno ke shan ruwa kusan rabin sa'a kafin Sakkwatawa, alhali agogonsu ɗaya. Shi ya sa kuma jadawalin lokutan salla da aka buga domin Kano ba ya aiki a Birnin Kebbi sai an yi masa gyara. Malamin da ke neman misalin da zai sa ɗalibai su fahimci dokar minti 4 ba shi da buƙatar ya kai su Tokiyo ko Landan.

Siyasa ma tana lanƙwasa layukan shiyyoyin lokaci. Sin, wadda faɗinta ya isa a raba shi shiyya biyar, lokaci ɗaya take amfani da shi tun 1949. Sudan ta ƙara sa'a guda a agogonta a shekara ta 2000, ta yi daidai da Saudiyya, sannan ta janye a watan Nuwamba na 2017, ta koma sa'a biyu gaba da Girinic. Ɗalibin da ya amsa tambayar jarrabawa da digiri kaɗai zai samu makinsa, amma alhajin da zai kira gida daga Makka sai ya san cewa Saudiyya tana gaba da Najeriya da Nijar da sa'a biyu, tana gaba da Gana da sa'a uku.