Badaƙalar cacar kurket ta filin Lord's, 2010

Badaƙalar filin Lord's ita ce harƙallar cin hanci da ta shafi 'yan wasan kurket uku na Pakistan a watan Agustan 2010, yayin karawa ta huɗu kuma ta ƙarshe tsakaninsu da Ingila a filin kurket na Lord's da ke birnin Landan. Waɗanda abin ya rutsa da su su ne kyaftin Salman Butt da masu jifa biyu, Mohammad Asif da Mohammad Amir, wanda a lokacin shekararsa 18 kacal.

Ba wasan gaba ɗaya aka sayar ba. A kurket ana jifa ne zubi-zubi, kowane zubi jifa shida daga hannun mutum ɗaya, kuma dole wani ɓangare na ƙafar mai jifa ta gaba ya tsaya a bayan layi. In ya ƙetare, jifan ya ɓaci, a ba abokan hamayya maki ɗaya a sake jifa. Kuskure ne da ake yi kullum, shi ya sa ya dace da masu son shirya maguɗi: ɗan wasa zai iya yin sa a daidai lokacin da aka ajiye ba tare da ƙungiyarsa ta yi wata asara a fili ba, mai caca da ya san lokacin kuma zai iya cin kuɗi a kai.

Ɗan jarida Mazher Mahmood na jaridar News of the World ya yi shigar burtu a matsayin attajiri, ya kusanci Mazhar Majeed, wakilin wasu 'yan wasan Pakistan, ya ba shi fam 150,000. An naɗi Majeed a asirce yana lissafa kuɗin, yana kuma faɗin inda za a ɓata jifa: na farko a zubi na uku daga Amir, na shida a zubi na goma daga Asif. Haka kuwa aka yi. Amir ya zarce layin da tazara mai yawa, har masu sharhi a talabijin suka yi mamaki. Rawar Butt ita ce ta fi nauyi, domin kyaftin ne ke zaɓar wanda zai yi jifa a kowane zubi. In bai miƙa wa mutum ƙwallo ba, alkawarin Majeed ba zai cika ba. Abin takaici, a wannan wasan Amir ya fitar da masu bugun ƙwallo na Ingila shida da jifansa, amma Ingila ta yi nasara da rata mai faɗi.

A watan Fabrairun 2011 kwamitin shari'a na hukumar kurket ta duniya, ICC, ya zauna a Doha ya dakatar da Butt shekara 10, Asif shekara 7, Amir shekara 5, amma an jingine shekara 5 daga hukuncin Butt da 2 daga na Asif. Sai kuma kotun Southwark da ke Landan ta yanke hukunci a watan Nuwamba kan laifin haɗa baki don yin maguɗi a caca da karɓar cin hanci. Majeed ya samu ɗaurin wata 32, Butt wata 30, Asif shekara ɗaya. Amir, wanda ya amsa laifinsa, aka ba shi wata shida, ya yi rabinsu a gidan gyaran hali na matasa. Ita kanta jaridar da ta tona asirin an rufe ta a watan Yulin 2011 saboda tata badaƙalar ta satar sauraren wayoyin mutane.

Magoya baya sun daɗe suna jayayya a kan Amir. Wasu na ganin yaro ne ɗan ƙauye daga Punjab da manyansa suka ja shi, wasu kuma suka ce a hana shi wasa har abada. Ya koma ƙungiyar ƙasa a Janairun 2016, sannan a wasan ƙarshe na gasar Champions Trophy ta 2017 ya fitar da 'yan wasan Indiya Rohit Sharma da Virat Kohli da Shikhar Dhawan, Pakistan ta doke Indiya ta ɗauki kofi. Butt da Asif ba su sake buga wa Pakistan wasa ba.