Tsofaffin Takubba da Wuƙaƙen Ado

Tsofaffin takubba da wuƙaƙen ado makamai ne na zamanin da, waɗanda yanzu ake tarawa saboda kyawun ƙirarsu da adon da ke jikinsu da kuma labarin wanda ya taɓa rataya su. A wajen dillalan kayan tarihi yawanci sai abu ya kai shekara 100 kafin su kira shi tsoho. Abu uku masu tarawa ke dubawa, ruwan takobin wato ƙarfensa, sai ƙota da kube inda yawancin adon yake, sai kuma asali, wato hannun wa da wa ya bi kafin ya iso. Abun da sabon shiga bai cika sani ba shi ne waɗannan ukun ba lallai su zama tsaran juna ba, sau da yawa za ka ga ruwan takobi na ƙarni na 16 an sa masa ƙota ta ƙarni na 19, domin ƙarfe mai kyau gadonsa ake yi, ƙota da kube kuwa kamar riga suke, in sun tsufa ko yayinsu ya wuce sai a canza.

Tarihi

Yi wa makami ado tsohon abu ne sosai. A kabarin Fir'auna Tutankamun na Masar, wanda ya mutu wajajen 1323 kafin haihuwar Annabi Isa, Howard Carter ya samu wata wuƙa a 1925 a jikin cinyar gawar, ƙotarta da kubenta na zinare ne amma ruwanta baƙin ƙarfe ne, a lokacin da Misirawa ba su fara narka tama ba. Wani bincike na 2016 ya nuna ƙarfen na ɗauke da sinadarin nikel kusan kashi 11 cikin 100, alamar cewa daga dutsen da ya faɗo daga sama aka ƙera ta, kenan a wancan zamanin ƙarfen ya fi zinaren da ke jikinsa wuyar samu. A Sin kuma a 1965 aka tono takobin tagulla na Goujian sarkin Yue a lardin Hubei, ya kwana a ƙasa sama da shekara 2000 amma ya fito da kaifinsa, jikinsa duk zanen lu'ulu'u-lu'ulu'u ne ga rubutun sunan sarkin.

Daga baya takobi da wuƙa suka zama babbar kyauta tsakanin sarakuna, nan ne adon ya fara fin ƙarfin aikin. Misalin da aka fi kawowa shi ne wuƙar Topkapi, wadda ke fadar Topkapi ta sarakunan Usmaniyya a Istanbul. Sultan Mahmud na ɗaya ne ya sa aka yi ta don a kai wa Nadir Shah na Farisa, ƙotarta na da manyan zumurrudu guda uku, a samanta kuma akwai wani murfi shi ma na zumurrudu, in ka buɗe sai ka ga ɗan agogo a ciki, kuben zinare ne da lu'ulu'u. 'Yan aiken na kan hanya a 1747 labari ya same su cewa an kashe Nadir Shah, sai suka juyo da kayansu, shi ya sa har yau take can. Wuƙa mai agogo a ka dai kowa ya san ba don fagen fama aka yi ta ba.

Tara makamai a matsayin sha'awa ya yi ƙarfi ne a Turai a ƙarni na 19. Wasu sayensu aka yi, wasu kyauta ce, da yawa kuma ganimar yaƙin mulkin mallaka ce, musamman daga Indiya da Sudan. Tarin Sir Richard Wallace ya zama gidan tarihi a Landan a 1900, Henri Moser ya ba birnin Bern nasa tarin makaman gabas a 1914, gidan tarihin Metropolitan na New York kuma ya buɗe sashen makamai a 1912, daga baya George Cameron Stone ya bar masa dubban kaya. Masana sun bi baya da rarraba su gida-gida, Jan Petersen ya tsara takubban Viking, mayaƙan ruwan nan na arewacin Turai, a 1919, Ewart Oakeshott kuma na tsakiyar zamanin Turai wajen 1960, har yanzu da lambobinsu dillalai ke kwatance.

Ƙarfen Dimashƙa

Wannan shi ne ƙarfen da ya fi ɗaukar hankalin masu tarawa, kuma sunan na ruɗarwa, don ba a Dimashƙa ake narka shi ba. A kudancin Indiya da Sri Lanka da wasu sassan tsakiyar Asiya ake yinsa, a zuba ƙarfe da itace ko ganye cikin 'yar tukunyar yumɓu a liƙe bakin ruf, a zuga wuta har ya narke, sannan a bar shi ya huce a hankali. Abun da ke fitowa ɗan curi ne mai yawan gawayi a jikinsa, kamar kashi 1 zuwa 2 cikin 100, Turawa na kiransa wutz, Farisawa da Larabawa kuma fulaz. Waɗannan curarrakin ne ake fatauci da su zuwa Farisa da ƙasashen Larabawa da Turkiyya. Al-Kindi ya rubuta risala a kan ire-iren takubba tun ƙarni na 9, ya yi bayanin irin wannan ƙarfe a ciki.

Wahalarsa a maƙera take. In maƙeri ya bari ya yi zafi da yawa sai ya farfashe a kan uwar maƙera ko zanen ya ɓace, don haka a hankali ake bugunsa, a mayar wuta a fito da shi sau barkatai. Bayan an goge an shafa masa abu mai tsami sai zanen ya bayyana kamar igiyar ruwa, wannan zanen shi ake kira jauhar, kuma ba a sama aka zana shi ba, a cikin naman ƙarfen yake, ko an kankare in aka sake shafawa zai dawo. Akwai wani salo da maƙeran Farisa ke yi, su yi ta yanka 'yan layuka a gicciye kafin a gama ƙira, sai zanen ya fito hawa-hawa kamar tsani, ana ce masa kirk narduban wato matakala arba'in, yana cikin waɗanda suka fi tsada.

Sana'ar ta yi ta ja baya har ta kusa ɓacewa, ana dai cewa tsakanin ƙarni na 18 da na 19. Michael Faraday ya yi bincike a kansa a Landan wajen 1820, Pavel Anosov na Zlatoust a Rasha ya kai ga yin irinsa wajen 1840. A 1998 John Verhoeven da maƙeri Alfred Pendray suka nuna cewa ɗan mitsitsin sinadarin banadiyam da ke cikin tamar wasu wurare shi ke sa zanen ya jeru, daga nan wasu ke ganin ƙarewar waccan tamar ce ta kashe sana'ar, wasu kuma suna cewa bindiga da ƙarfen masana'anta mai araha ne. Yawancin abun da ake sayarwa yau da sunan Dimashƙa wani abu ne daban, ƙarfe iri biyu ne ake liƙawa a ninka a murɗa, yana da kyau amma ba shi ba ne.

Yadda ake adon

Hanya biyu ce ta sa zinare a jikin ƙarfe kuma mai saye ya kamata ya bambance su. Ta farko a haƙa rami siriri mai faɗin gindi a cusa zaren zinare a buga shi ya zauna daram, wannan ba ya fita da sauƙi. Ta biyu ita ce koftgari ta Indiya da Farisa, a ɗauki wuƙa mai kaifi a yi ta tsaga fuskar ƙarfen sirara-sirara a gicciye har ta yi kaushi, sai a ɗora zaren a danna shi ya kama, a goge. Ta fi sauri da araha, amma in ka sa madubin ƙara girma za ka hango tsagar a gefen adon, kuma a wurin da hannu ke yawan taɓawa zinaren ya kan goge.

Sarakunan Mugal na Indiya sun fi son ƙota ta yashm, wani dutsen ado, a sassaƙa ta kamar kan doki ko na barewa, a dasa mata yaƙutu da zumurrudu da tataccen zinare mai laushi, salon da ake kira kundan. A yankin Kokesas, musamman ƙauyen Kubachi na Dagestan, azurfa ce ake zana wa furanni a cike ramin da baƙin haɗi. Turawa kuma a ƙarshen ƙarni na 18 sun yi yayin ruwan takobi shuɗi mai zanen zinare, ana kwaɓa zinaren da zaiba a shafa a gasa har zaibar ta tashi, hayaƙin ya halaka ma'aikata da dama. Irin wannan ado ne a takubban da asusun Lloyd's ya riƙa ba hafsoshin ruwan Ingila daga 1803, masu darajar fam 30 da 50 da 100.

A takubban ƙasashen Musulmi rubutu shi kansa ado ne, an fi samun "Nasrun minallahi wa fathun ƙarib" da kuma "La fata illa Ali, la saifa illa Zulfiƙar". Takubban da ke Topkapi waɗanda ake dangantawa da Annabi (SAW) da sahabbai an ce sun zo ne bayan Sultan Salim ya ci Masar a 1517, ƙotoci da kuben yawancinsu aikin Usmaniyya ne na baya, batun shekarun ruwansu kuwa masana sun yi saɓani.

Sa hannu da jabu

Suna a jikin takobi ba hujja ba ce, kuma wannan ha'incin ya girmi kasuwar kayan tarihi nesa ba kusa ba. Maƙeri Asadullah na Isfahan, wanda ake cewa ya yi zamani da Shah Abbas na ɗaya, 1588 zuwa 1629, sunansa na jikin takubba masu yawan gaske da kwanan watansu ya ratsa shekaru fiye da yadda mutum ɗaya zai rayu. Haka takubba masu ɗauke da sunan Ulfberht na Turai na ƙarni na 9 zuwa na 11, an samu kusan 170, wasu ƙarfensu tatacce ne wasu kuma na banza har da kuskuren rubuta sunan. Tambarin kerkeci mai gudu na maƙeran garin Passau a Jamus shi ma maƙeran garin Solingen suka ɗauka, daga nan kowa ya kwaikwaya.

Jabun zamani ya fi yawa ta hanyar haɗe-haɗe, wuƙaƙen tagulla na Luristan a Iran da suka cika kasuwa daga 1928 da dama in aka ɗauki hotonsu da na'urar haska ƙashi sai a ga ƙota daban ruwa daban an liƙa da dalma an shafe da koren tsatsa na ƙarya. Wata dabarar kuma a samu tsohon takobi marar ado a yi masa sabon koftgari don kuɗinsa ya ninka.

Japan

Takobin Japan duniya ce mai zaman kanta. Ƙarfensa tamahagane daga yashi mai ƙarfe ake narka shi, a ninka a buga, sannan a shafa wa jikin yumɓu mai kauri a bar bakin da ɗan kaɗan kafin a tsoma a ruwa, wannan ne ke fitar da farin layin nan na bakin kaifi da ake kira hamon. Su ruwan takobin suke girmamawa, har ma a cire shi daga kayan adonsa a ajiye shi cikin kube na farin itace zalla. Dokar 1876 ta hana mayaƙan samurai yawo da takobi, sai kaya suka kwararo kasuwa. Bayan ƙarshen yaƙin duniya na biyu a 1945 sojojin mamaya sun karɓe masu yawa, a nan Honjo Masamune, takobin gidan Tokugawa, ya yi ɓatan dabo bayan an miƙa shi ofishin 'yan sanda na Mejiro a Tokyo a Disamban shekarar. Ƙungiyar adana takubban Japan ta NBTHK da aka kafa a 1948 ita ke ba da takardar tantancewa da masu saye suka fi yarda da ita.

Sauran wurare

Wuƙar keris ta Indonesiya, mai lanƙwasa da adadinta kullum mara ne, UNESCO ta karrama shi a 2005, zanen jikinsa pamor ana fito da shi da haɗin arsenik da ruwan lemun tsami. Wuƙar khanjar ta Oman tana jikin tutar ƙasar. Janbiya ta Yaman ƙotarta ce darajarta, mafi tsada ta ƙahon karkanda. A Afirka akwai kaskara ta Sudan da takobin Buzaye da shotel na Habasha da nimcha ta Maroko, da yawansu ruwansu daga Turai ya zo.

Kasuwa da doka

A gwanjo sunan mai shi ne ke tada farashi fiye da komai. Takobin da Napoleon ya riƙe a yaƙin Marengo an sayar da shi yuro miliyan 4.8 a Faransa a 2007, wuƙar Shah Jahan sarkin Mugal fam miliyan 1.7 a gidan gwanjon Bonhams a 2008, sai takobin Tipu Sultan sarkin Mysore na Indiya da aka ɗauko daga ɗakin kwanansa bayan an kashe shi a Seringapatam a 1799 wanda ya kai fam miliyan 14 a Landan a watan Mayun 2023. Maganar mayar da irin waɗannan kayan ƙasashensu na asali ana ta ja-in-ja a kai. An hana cinikin ƙahon karkanda tsakanin ƙasashe tun 1977, dokar hauren giwa ta Birtaniya da ta fara aiki a 2022 kuma ta sa takubba masu ƙotar haure da yawa ba sa sayuwa a can.

Adanawa

Gogewa ta fi tsatsa ɓata tsohon takobi, mutum zai sa takardar yashi ya kankare jauhar da zinare a wuni ɗaya. Ba a taɓa ruwan da hannu tsirara don gumi na barin tabo, ɗan mai ko wani kaki na musamman ake shafawa siriri, a ajiye a wuri marar danshi, ba a kuma barinsa ya daɗe cikin kuben fata. A takobin Japan, baƙar tsatsar da ke guntun ƙarfen da ke shigewa cikin ƙota ba a taɓa ta kwata-kwata, don launinta da sawun magagarin da ke wurin da su masana ke kintatar shekarunsa.