Yadda ƙaramar kwalejin Carleton ta yi fice a wasan jifan faifai a Amurka

Wane irin wasa ne wannan?

Ana kiransa Ultimate, kuma ana yin sa ne da faifan roba mai nauyin giram 175, irin wanda aka fi sani da Frisbee. Kowane ɓangare yana da 'yan wasa bakwai, ana samun maki idan ɗan wasa ya cafe faifan a yankin ci da ke ƙarshen filin abokan hamayya. Wanda ya riƙe faifai ba ya gudu da shi, sai dai ya jefa wa ɗan'uwansa kafin mai tsaronsa ya ƙirga goma. Ɗaliban wata makarantar sakandare a garin Maplewood na jihar New Jersey ne suka ƙirƙiro shi a 1968, aka fara gasar jami'o'i ta ƙasa a 1984. Abin da ya fi bambanta shi da sauran wasanni shi ne 'yan wasan ne ke yanke wa kansu hukunci idan an yi keta, ko da yake a manyan gasanni akan sa masu lura da ke raba gardama.

Mece ce Carleton, kuma me ta ci?

Kwaleji ce mai zaman kanta a garin Northfield na jihar Minnesota, wadda aka kafa a 1866, kuma ɗalibanta kimanin 2,000 ne kacal. Ƙungiyar mazanta, CUT, ta ɗauki kofin ƙasa a 2001, ta sake ɗauka a 2009 da 2011 da 2017, amma matan makarantar, masu suna Syzygy, sun riga su da shekara guda, domin sun ci nasu a 2000.

Ta yaya makaranta ƙarama take doke manyan jami'o'i?

Nan ne abin mamakin yake. Hukumar wasan, USA Ultimate, ta buɗe gasa ta daban a 2010 domin makarantun da ɗalibansu ba su kai 7,500 ba, kuma Carleton ta cancanci shiga, amma CUT ta ci gaba da karawa a babban rukuni, inda babbar abokiyar hamayyarta a yankin ita ce Jami'ar Wisconsin mai ɗalibai fiye da 40,000. Ita ce ma CUT ta doke a wasan ƙarshe na 2011.

A ganina babban dalili shi ne wasan ba ya ƙarƙashin hukumar NCAA, wadda ke kula da ƙwallon kwando da sauran manyan wasannin jami'o'i, saboda haka manyan makarantu ba sa amfani da dukiyarsu wajen janye haziƙan 'yan wasa kamar yadda suke yi a can. Ɗalibi yakan zaɓi inda ya ga ana ɗaukar wasan da daraja, kuma tun da sunan Carleton ya fita, matasan da suka ƙware tun suna sakandare suka riƙa neman gurbin karatu a can, nasara ta yi ta jawo wata. Ga kuma yawan ƙungiyoyi a cikin makarantar: ban da CUT da Syzygy, akwai CHOP ta maza, wadda a da ake kira GOP, da Eclipse ta mata, waɗanda su ma sun ci kofin ƙaramin rukuni, wato sabon shiga ba ya rasa inda zai koya.

Sanyin Minnesota ba ya kawo cikas?

Yana kawowa ƙwarai, domin dusar ƙanƙara kan rufe filaye tsawon watanni, a daidai lokacin da ƙungiyoyin kudanci da na Kalifoniya ke atisaye a fili. 'Yan wasan Carleton kan yi nasu a cikin ɗakin wasanni, su yi doguwar tafiya zuwa jihohi masu ɗumi domin gasannin farkon shekara, kafin gasar ƙasa da ake yi a ƙarshen watan Mayu.