Likitancin Ƙafa

Likitancin ƙafa, wanda ake kira fodiyatiri, reshe ne na kiwon lafiya da ke gano cututtukan tafin ƙafa da yatsu da idon sawu, yana kuma magance su. Sawun mutum ɗaya yana da ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33, kuma shi ke ɗauke da nauyin jiki duka.

Tarihi

Hujja mafi tsufa da aka fi ambata ita ce zanen da ke kabarin Ankhmahor a Saƙƙara ta ƙasar Masar, wanda ake kyautata zaton an yi shi wajen shekara ta 2400 kafin Miladiyya. Zanen ya nuna wasu mutane suna yi wa wasu aiki a hannu da ƙafa. Masana sun saɓa: wasu sun ce magani ne, wasu sun ce tausa ce ko yankan farce. Likitan Girka Hippocrates ya yi bayanin kanta da yadda ake kankare ta.

An daɗe ba a ɗaukar masu wannan sana'a a matsayin likitoci, duk da cewa manya na neman su. Shugaban Amurka Abraham Lincoln yana da nasa, Isachar Zacharie, wanda ya zama na hannun damansa. A 1895 aka kafa ƙungiyar farko ta masu sana'ar a New York, makarantar farko kuma ta buɗe a birnin a 1911. Ingila ta kafa tata ƙungiyar a 1912.

Cututtuka

Waɗanda aka fi gani su ne faso, kanta, ciwon diddige da farcen da ke shiga nama.

Mafi haɗari shi ne ƙafar mai ciwon suga. Cutar tana kashe jijiyoyin ji, tana rage gudun jini, sai mutum ya taka ƙaya ko takalmi ya goge shi bai sani ba. Ƙaramin rauni ya zama gyambo, in an yi sake a kai ga yanke ƙafar. Abin farin ciki, duba ƙafa kullum da sa takalmin da ya dace suna hana da yawa daga ciki.

Jariri kusan 1 cikin 1000 ana haihuwarsa da murɗaɗɗiyar ƙafa. Ignacio Ponseti na Jami'ar Iowa ya samar da hanyar miƙar da ita sannu a hankali da ɗaurin filasta mai tauri irin na karaya, ba tare da babbar tiyata ba.

Horo

Ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka karatun shekara 4 ne bayan digirin farko, kuma suna yin tiyata.