Tura ɗanyen fakiti ta katin sadarwa: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ƙannenmu Hausawa masu koyon kwamfuta a Jidda suka sha yi mini a wurin shan shayi bayan isha'i.

Mene ne ɗanyen fakiti?

Duk wanda ya taɓa aika kaya Kano daga Jidda ya san aikin ejan: ka miƙa masa kaya, shi zai ɗaure, ya rubuta adireshi, ya cike takardu. Haka kanel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, yake yi wa shirinka. Ka ba shi saƙo, ya ɗora masa bayanan TCP da IP da Ethernet, wato ƙa'idojin da kwamfutoci ke bi wajen sadarwa, ya zama fakiti, wato ƙunshin bayanai. A ɗanyen fakiti kuwa ka sallami ejan ke nan, kai za ka jera kowane bayit (ƙaramin ma'aunin bayanai a kwamfuta), ka miƙa wa katin sadarwa da kanka.

Yaya ake yinsa a Linux?

Ka buɗe soket, wato ƙofar da shiri ke sadarwa ta cikinta, na AF_PACKET, nau'in SOCK_RAW, ka ɗaure shi da katin da kake so, kamar eth0. Bayit 14 na farko su ne kan firam, wato ƙunshin da katin ke turawa: shida adireshin MAC (lambar shaidar katin sadarwa) na mai karɓa, shida naka, biyu kuma na nuna irin abin da ke ciki, 0x0800 idan IPv4 ne, 0x0806 idan ARP ne, wato saƙon da ke haɗa adireshin IP da na MAC. Sai saƙon kansa, wanda galibi ba ya wuce bayit 1500. Bayit huɗun ƙarshe na duba lafiyar firam katin ne ke ƙarawa. Dole ka zama root, wato mai cikakken iko a kan kwamfutar, ko a bai wa shirin izinin CAP_NET_RAW. Mai Python zai sami sauƙi da Scapy, manhajar da ke jera masa fakiti, amma na fi so ɗalibi ya taɓa jera bayit da hannunsa ko sau ɗaya ne.

To a Windows fa?

Tun 2004, da Service Pack 2 na Windows XP ya fito, Microsoft ta hana tura TCP ta ɗanyen soket a kwamfutocin gida. Yawanci Npcap ake sakawa, manhajar da ke ba da damar turawa da kama ɗanyen fakiti.

Na tura, shirin bai yi ƙorafi ba, amma shiru. Me ya faru?

Nan kowa ke shan wuya. Ka fara duba jerin bayit. A layin sadarwa bayit mafi nauyi a cikin lamba ne ke gaba, alhali kwamfutocin Intel da AMD ƙaramin suke sa wa gaba, don haka idan ka manta htons, umarnin da ke gyara jerin, 0x0800 zai fita a 0x0008. Sannan lissafin tantancewa na IP da TCP yanzu a wuyanka yake, kuma in ya karkace mai karɓa zai jefar da fakitin ba tare da ya ce uffan ba. Wadda ta fi ɓata rai ita ce ka tura SYN, saƙon buɗe magana a TCP, da hannu, amsa ta dawo, sai kanel ɗinka ya mayar da RST, saƙon yanke haɗi, ya kashe maganar, domin bai san da ita ba. A Wi-Fi ma, na'urar gidan takan ƙi firam mai adireshin MAC da bai yi rajista da ita ba. Saboda haka ka buɗe Wireshark ko tcpdump, manhajojin kallon fakiti, kafin ka tura komai, ka ga abin da ya fita da idonka.

Ina amfaninsa?

Da shi kwamfutar da ba ta riga ta sami adireshin IP ba take neman sa ta hanyar DHCP, tsarin da ke raba adireshi. Ana kuma tada kwamfutar da ke kashe a shago da fakitin Wake-on-LAN: bayit shida na FF, sai adireshin MAC ɗinta sau 16, jimla bayit 102.

Zan iya gwadawa a intanet ɗin masaukinmu?

Don Allah kar ka yi. ARP ɗin ƙarya guda na iya yanke wa maƙwabtanka sadarwa, kuma dokar laifukan intanet ta Saudiyya ta 2007 ta tanadi ɗauri da tara ga mai kutse ko tare bayanan wasu a hanya. Ɗalibi mai iƙama bai ga ta wannan rigima ba. Ka haɗa tagwayen katunan veth, wato katunan sadarwa na kwaikwayo da Linux ke ƙirƙira, a cikin kwamfutarka, ka tura ta ɗaya, ka saurara ta ɗayan.